Zazzaɓi da Tari a Jikin Yaro: Infuluwenza ce ko Zazzaɓin Sauro?

Idan hunturu ya shigo, iyaye mata da yawa daga ƙauyuka sukan goyo 'ya'yansu zuwa asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a birnin Zariya, ko asibitin St. Luke na Wusasa. Kukan duka ɗaya ne: jiki ya yi zafi, ga tari, yaro ya ƙi cin abinci.

Infuluwenza ba mura ce irin wadda muka saba ba. Takan faɗo wa yaro farat ɗaya da zazzaɓi mai ƙarfi. Ita ce annobar da ta shigo ta Ikko a 1918, ta bi hanyar jirgin ƙasa har arewa, ta kashe dubban mutane.

To, likita zai iya gane ta da ido kawai? Ba kullum ba, komai gwanintarsa. Alamunta a jikin yaro sun yi kama da na zazzaɓin sauro, da ciwon huhu, da farkon ƙyanda. Babba zai ce gaɓoɓinsa suna ciwo, amma jariri ba shi da baki sai kuka. Yara kuma sukan yi amai da zawo, abin da ke ƙara rikita lamarin. Akwai gwajin gaggawa da ake yi da majina, sai dai yakan kasa nuna cutar ko da tana nan. Gwajin PCR ne ke tabbatarwa, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Shi ya sa likita yakan fara da ɗiban jini a yatsa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓin sauro. Idan gwajin bai nuna komai ba, kada ku ce likita bai san aikinsa ba, kada kuma ku wuce kemis ku sayi kafso. Antibayotik ba ya kashe ƙwayar infuluwenza.

Ga abin da za ku iya yi a gida. Ku ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye alamar ciwon huhu ce. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Idan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko ya yi jijjiga, ku kai shi asibiti a ranar, ko da cikin dare ne. Ku ci gaba da ba shi nono da ruwa. A ba shi farasitamol saboda zafin jiki, amma ban da asfirin, domin yana iya lalata hantar yaro da ƙwaƙwalwarsa.