Kafin Ka Ɗaure Kaya: Matakan Zaɓen Garin Da Za Ka Koma

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zancen "ni dai barin garin nan zan yi" ya yawaita a bakin magidanta, musamman mazauna Abuja da Legas da Fatakwal. Wasu don su huce kawai suke faɗa. Wasu kuwa sun tashi da gaske. A cikinsu na san waɗanda suka samu sauƙi, na kuma san waɗanda shekara ba ta zagayo ba suka dawo da kayansu a bayan a-kori-kura, ga bashi ga ɓacin rai. Da na duba, na farkon unguwa suka bincika da mutanenta, da ƙafarsu. Na biyun kuɗin haya kaɗai suka tambaya, shi ma ta waya. Matakan nan na tsara su ne don mai iyali da ke son garin da aljihunsa zai ɗauka, hankalinsa kuma ya kwanta.

Mataki na 1: Gano abin da ke cinye kuɗinka a inda kake

Samu littafi, ka zauna da uwargida, don ita ta san gaskiyar cefane. Ku yi wata guda cur kuna rubuta duk abin da ya fita: kuɗin mota, ruwa, wuta, gas ko gawayi, abinci, magani, kati da data, kuɗin tara na yara. Kuɗin haya da na makaranta na shekara ku raba su gida 12 ku saka. Kada ku manta da abin da ba a cika lissafawa ba, wato gudummawar biki da suna, da kuɗin motar zuwa gida da Sallah ko in an yi rasuwa.

Sau da yawa littafin nan kan nuna abin da ba a zata ba. Ma'aikacin da ke kwana a Masaka ko Mararaba a jihar Nasarawa, yana aiki a tsakiyar Abuja, ya gudu ne daga tsadar haya, amma kullum sai ya hau mota biyu ko uku zuwa, biyu ko uku dawowa, ga cunkoson Nyanya da ke cinye masa safiya da maraice. In ya haɗa kuɗin motar shekara, zai iya tarar da sun kamo kuɗin hayar ko sun wuce. Irin wannan mutum wataƙila unguwa ya kamata ya sauya, garin bai yi masa laifi ba. Sai ka san inda ke maka ciwo kafin ka nemi magani.

Mataki na 2: Tabbatar da inda abincinka zai fito

A nan aka fi faɗawa rami. Gari kan yi araha ne sau da yawa saboda kuɗi ba sa yawo a cikinsa. Telan da ke karɓar kuɗin ɗinki mai tsoka a Wuse ko Gwarinpa a Abuja, in ya koma ƙaramin gari haya za ta sauka, amma kuɗin ɗinkin ma zai sauka, masu kawo ɗinkin su ragu. Akwai garuruwan da kasuwarsu a kan albashi take tsaye, irin su Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi: wata ya yi nisa, ciniki ya yi sanyi, sai an biya ma'aikata gari ya farfaɗo. Kano ba haka take ba. Tsakanin kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari kuɗi na juyawa kullum, sai dai masu nema ma sun yi yawa, kuma shago a wuri mai kyau ba ya samuwa da sauƙi.

Waɗanda ƙaura ta fi yi wa riba su ne masu kuɗin shigar da ba ya canzawa da canjin gari: ɗan fansho, ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya samu sauyin wurin aiki, da mai aiki ta intanet. Tun da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, Legas ta sa 85,000, Kano ta sa 71,000. Tazarar albashin kaɗan ce in aka gwada ta da tazarar kuɗin haya tsakanin garuruwan biyu, kuma a cikin wannan tazara ribar ƙaura take.

In kana sa ran aikin gwamnatin jiha a sabon wuri, ka tuna da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ko a Arewa, Bakatsine a Bauchi baƙo ne a idon ofis. Haka yake wajen ɗaukar aiki, haka wajen tallafin karatu, kuma jami'o'in jihohi da dama kuɗin ɗan jiha daban, na baƙo daban. Abin ba ya yi mini daɗi ko kaɗan, amma mai 'ya'yan da suka kusa shiga jami'a dole ya sa shi cikin lissafi.

Mataki na 3: Tace garuruwa uku

Kada su wuce uku. Auna kowanne da nisansa daga iyayenka, da asibitin da za a garzaya in ciwo ya yi tsanani, da makarantun yara. Zariya na da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 da asibitin koyarwarta a Shika, tana kuma tsakanin Kano da Kaduna. Gombe, wadda ta zama babban birnin jiha a 1996, tana da asibitin koyarwa na tarayya, kuma hanyoyin Bauchi da Yola da Biu duk a nan suka haɗu. Dutse shiru gare ta, tana da jami'ar tarayya tun 2011, Kano kuma ba ta yi mata nisa ba. Mai harka da Abuja lokaci-lokaci ya duba Keffi, ko Kaduna da jirgin ƙasanta na Rigasa zuwa Idu da ya fara aiki a 2016. Mai hawan jini ko mai tsoho a gida ya tuna zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Mataki na 4: Je ka kwana

Gani ya kori ji. Ka je ka yi aƙalla kwana uku, kuma in da hali ka sauka gidan ɗan'uwa ko aboki a cikin unguwar da kake so, domin otal ba zai nuna maka komai ba. In Allah ya hore maka, ka je sau biyu: sau ɗaya a Maris ko Afrilu, sau ɗaya a Agusta. Bazara za ta faɗa maka gaskiyar ruwan sha, damina ta faɗa maka gaskiyar ƙasa.

Ruwa shi ne abin da na fi son ka tsaya a kai, don shi ne kuɗin da ke fita kullum ba hutu. Kada ka tambayi mai gida ko akwai ruwa, zai nuna maka famfo. Murɗa famfon da hannunka. Leƙa rijiyar ka ga zurfinta. Sannan ka tsayar da ɗan ga-ruwa a kan layi ka tambaye shi nawa jarka yau, nawa take kaiwa in zafi ya tsananta, daga ina yake ɗebowa. In ka ga kurar 'yan ga-ruwa na zirga-zirga tun asuba, ka san unguwar da sayen ruwa take rayuwa. Zariya ta daɗe tana fama da wannan, haka unguwanni da yawa a Kano. Ka ƙirga jarka nawa gidanka ke sha a rana tsakanin girki da wanka da wankin yara, ka ninka da talatin. Gidan da ya ɗara wani tsada amma yana da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, sau da yawa shi ne mai arahar.

Da damina kuwa ka dubi jikin katanga. Ruwan bara kan bar zanensa, wani layi mai duhu a ƙasan bango, ko an yi fenti yakan nuna. Dubi magudanar ruwa, dubi ko gidan a kwari yake. Ambaliyar da ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle, da wadda ta auka wa Mokwa a Mayun 2025, sun isa su sa kowa ya tambayi ina ruwa ke bi kafin ya biya haya.

Sai wuta. Kamfanin KEDCO ke ba Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna ke riƙe da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, na Jos ke ba Bauchi da Gombe. Amma abin da ya shafe ka shi ne layin da gidan yake kai. Tun Afrilun 2024 da aka ninka kuɗin wutar rukunin A fiye da sau uku ya kai naira 225 kowane yunit a lokacin, gidan da ke kan wannan layi yana samun wuta sosai, katin mita kuma yana ƙarewa da wuri. Tambayi mai sayar da ƙanƙara ko mai walda a unguwar awa nawa ake samu, su ba sa kuskure a wannan lissafi.

Ka shiga kasuwa da littafinka. Sai dai ka lura, kwanon Kano daban, tiyar Katsina daban, mudun wani gari ma bai kai na wani ba. Gwada da abin da ba ya canzawa: buhu, kwalbar manja, kiret ɗin ƙwai, kilon gas. Ka hau abin hawan garin daga unguwar zuwa kasuwa da makaranta da asibiti ka ji nawa ne. A Kano, alal misali, an hana acaɓa tun 2013, sai A Daidaita Sahu. Mai aiki da intanet ya gwada wayarsa a cikin ɗakin da zai zauna, ba a ƙofar gida ba.

Mataki na 5: Auna mutanen

Kirkin gari ba a jin sa a rediyo. Ka yi sallar Magariba da Isha'i a masallacin layin, in Kirista ne kai ka je majami'ar unguwar ranar Lahadi. Ka lura ko wani zai miƙo maka hannu ya ce, "Malam, baƙo muka yi ne?" Ka zauna teburin mai shayi da dare ka saurara, kada ka cika magana. A nan za ka ji ko ana satar babura, ko 'yan daba na tare layi, ko akwai 'yan sintiri da nawa kowane gida ke biya a wata.

Ka nemi wanda zai raka ka wajen mai unguwa. Bayan gaisuwa ka ce, "Ranka ya daɗe, ina da niyyar kawo iyalina cikin jama'arka, na ce bari in fara zuwa in kwashi gaisuwa." Yadda zai karɓe ka zai nuna maka abubuwa da yawa, kuma shi ya san gidan da ake rigimar gado a kansa.

Shaidar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta baƙon da ya riga ka zuwa da shekara huɗu ko biyar. Tambaye shi: da matarka ta haihu, wa ya shigo? Da aka yi maka rasuwa, wa ya zauna da kai? Yaranka suna wasa da na maƙwabta? Amsar waɗannan ita ce ma'aunin unguwa.

Uwargida ma ta je ta gani da idonta. Kai za ka fita tun safe, ita za ta wuni a wurin. A raba mace da 'yan'uwanta da ƙawayenta da islamiyyarta a kai ta inda ba mai leƙo ta, wannan asara ce da rangwamen haya ba ya biya. Na ga gidan da kaɗaicin uwargida kaɗai ya sa aka kwashe kaya aka koma, alhali lissafin kuɗi ya fita daidai. Ta shiga gida biyu ko uku ta gaisa da matan, za ta jiyo abin da ba za a taɓa faɗa maka ba.

A wasu garuruwa dole ka san tarihin unguwa. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba mazaunan Kaduna, akasarin Musulmi a arewacin kogi, akasarin Kirista a kudu. Jos ma tun 2001 unguwanninta suka rarrabu. Mutane na zaune lafiya a garuruwan nan, suna ciniki tare, amma baƙo ya nemi shawarar 'yan gari kafin ya kama gida. Ka tambayi lafiyar hanyar da za ka riƙa bi zuwa garinku, da ƙarfe nawa direbobi ke daina bin ta. Direbobin tasha sun fi kowa sani.

Mataki na 6: Dillali da takarda

Kada ka tura ko sisi kan hoton da aka aiko maka ta WhatsApp. Ka ga gidan, ka ga mai gidan ido da ido ko wakilinsa da maƙwabta suka shaida. A yanke la'adar dillali tun kafin a fara yawo. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu: nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, wa zai kwashe masai, wata nawa za a ba ka in ana son gidan. Duba lambar mita ka tabbatar babu tsohon bashin wuta a kanta. Biya ta banki, ka karɓi rasit. Shekara ɗaya za ka biya, ko an yi maka rangwame kan biyu.

Mataki na 7: Tashi da ƙafa ɗaya tukuna

In zai yiwu, kai ka fara yin gaba da wata ɗaya ko biyu, sana'a ta kama ƙasa, sannan iyali su biyo. Ka riƙe kuɗin cefanen wata uku a gefe wanda ba za a taɓa ba. Kada ka sayar da gidanka ko shagonka na tsohon wuri a shekarar farko, kada kuma ka yi saurin sayen fili a sabon, sai damina ɗaya ta wuce a kan idonka.

Lokacin da ya fi dacewa da kwashe yara shi ne dogon hutu, tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Satumba, don su fara sabon aji tare da kowa. Karɓo musu takardar sauyin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe tun kafin a rufe, haɗa da katin rigakafin ƙananan da takardun asibitin duk mai shan magani a kai a kai. Tunda tsakiyar damina ce, ka tabbatar motar kayan na da tamfol mai kyau, ku kama hanya da sassafe don ku isa da rana tsaka. Ana gama sauke kaya, kafin a ɗaura labule, ka ɗauki manyan yaranka maza ku bi gidajen dama da hagu da na gaba ku yi sallama, uwargida kuma ta aika wa matan da ɗan abin da aka zo da shi daga tsohon gari.