Yadda ake tsara takardar binciken lafiyar ƙaramin jirgin sama

A Amurka, duk mai ƙaramin jirgi irin Cessna 172, mai kujeru huɗu da aka fara ƙerawa a 1956, dole ne ya kai shi a duba masa daga hanci har jela sau ɗaya a cikin wata 12. Idan kuma jirgin na ɗaukar fasinja ne da kuɗi, ko malami na ba da shi yana koyar da tuƙi ana biyansa, to duk bayan awa 100 ta tashi sai an sake dubawa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ba ta yarda makaniki ya yi wannan aiki da ka ba, sai da jerin abubuwan dubawa a rubuce. Ta dai ba shi zaɓi: ya ɗauki na kamfanin da ya ƙera jirgin, ko ya tsara nasa.

Masu tsara nasu kan fara da doka. Ƙarin bayani na D a sashe na 43 na dokokin FAA ya zayyana mafi ƙarancin abin da za a duba: gangar jirgi, ɗakin matuƙi, inji, ƙafafun sauka, fukafukai, jela, farfela da na'urorin sadarwa. Ya kuma ce kafin komai a buɗe duk murafun leƙawa, a wanke jirgi da injinsa tas, domin datti da maiƙo na ɓoye tsaga.

Sai a ɗauko littafin kamfani. Doka za ta ce a duba inji, amma littafin ne ke faɗin gejin da za a ɗaure kowane filogi da lokacin sauya baƙin mai. Injin Lycoming O-320, wanda ke kan jiragen Cessna 172 da dama, kamfaninsa ya ba da shawarar a kwance shi gaba ɗaya bayan awa 2,000 ko shekara 12. Don haka a saman takarda ake barin gurbin lambar jirgi, lambar inji da awannin da kowanne ya yi.

Mataki na uku shi ne mai cin lokaci, wato tattaro umarnin dole da hukuma ke fitarwa idan an gano wata matsala a wani samfurin jirgi, wanda makanikai ke kira AD. A 2011 FAA ta fitar da irinsa kan layin ƙarfen da kujerar matuƙi ke zamewa a kai a jiragen Cessna masu yawa. Idan ramukan da ke riƙe kujerar suka cinye, tana iya sulɓewa baya daidai lokacin tashi, matuƙi ya fizgo sitiyari ba da niyya ba, jirgi ya ɗaga hanci fiye da kima. Umarnin ya ce a riƙa duba wurin duk awa 100 ko wata 12. Irin wannan sai an ba shi layinsa na kansa, da lambarsa, da ranar da zai sake zagayowa.

Daga nan sai a juya ga jirgin shi kansa. Littafin tarihinsa zai nuna inda aka taɓa yin faci da na'urorin da aka ƙara masa daga baya. Wanda ke kwana a bakin teku a Fulorida, tsatsa za a fi nema a cikin fukafukansa. Wanda ke tashi a Zariya, inda kwalejin horar da matuƙa da injiniyoyin jirgi take tun 1964, matatar iskarsa ce za ta sha ƙurar hunturu.

Yadda ake rubuta kowane layi ma aiki ne. "A duba salansa" ba ya wadatarwa. Gwani zai rubuta: a cire rufin da ya kewaye salansa, a nemi tsaga ko alamar baƙin hayaƙi. Dalili kuwa, a galibin ƙananan jirage iskar da ke ɗumama ɗakin matuƙi ta jikin salansa take bi. Bayan jirgin Piper Malibu da ya ɗauko ɗan ƙwallon Ajantina Emiliano Sala ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a Janairun 2019, gwaji ya nuna gubar hayaƙin inji mai yawa a jininsa. Haka nan inda ake aune-aune, kamar gwajin matsin silinda da ake yi da iska mai ƙarfin fam 80, sai a bar gurbin rubuta adadin da aka samu, domin a gwada da na bara.

Sai a jera layukan bisa yadda makaniki ke zagaya jirgi, kada ya yi ta safa da marwa tsakanin hanci da jela. A ƙasa a ware gurbin abubuwan da ke da nasu wa'adin: na'urar kiran agaji duk wata 12, na'urar da ke nuna jirgi ga rada duk wata 24.

Layukan ƙarshe na tayar da inji ne, a ga ƙarfinsa, matsin mai da zafin silinda. Idan komai ya yi, sufeto mai izini na musamman ya sa hannu a littafin jirgi. Idan bai yi ba, ya miƙa wa mai jirgin jerin matsalolin da ya gano, da kwanan wata da sa hannunsa, jirgi kuma ya zauna a rumfa har sai an gyara.