Ɗariƙar Godiya: Muridi Tsakanin Zawiya da Kasuwa

 

Akwai wata cuta da kan kama wasu samarin ɗariƙa, kuma ba a saurin gane ta domin da rigar alheri take zuwa. Saurayi ya karɓi wuridi, ya ɗanɗani zaƙin zikiri, wataƙila ma an yi masa tarbiyya, sai duk abin da ba zawiya ba ya fita daga ransa. Ɗalibin jami'a ya fara ƙaurace wa aji, yana cewa takarda ba ta kai kowa ga Allah. Magidanci ya wuni gidan shehu, kuɗin cefane bai isa gida ba, in uwargida ta yi magana ya ce ba ta san Allah ba. Suna kiran wannan zuhudu. Amma ba a kan haka Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, ya ɗora muridansa ba.

Shehu ya san halwa sani na ɗanɗano. Kafin babban buɗi ya riƙi ɗariƙu da dama, har da Halwatiyya wadda ya karɓa a wurin Shehu Mahmudul Kurdi a Masar. A shekara ta 1196 bayan Hijira, a garin Abu Samgun, ya ga Annabi (SAW) a farke. Kamar yadda Sidi Aliyu Harazimi ya kawo a Jawahirul Ma'ani, Annabi ya umarce shi da barin abin da ya karɓa a baya, ya lazimci wannan hanya ba tare da shiga halwa ko ƙaurace wa mutane ba, kuma aka yi masa alkawarin isa matsayinsa yana nan cikin halin da yake. Da ya koma Fas a 1213, a gidan da Sarki Maulaya Sulaimanu ya ba shi ya zauna, da iyalinsa da baƙinsa, har ya yi wafati a 1230, wato 1815.

Shi ya sa malamanmu ke kiran ta ɗariƙar godiya. Akwai hanyoyin da aka gina a kan horar da rai da yunwa da rashin barci da keɓewa, kuma waliyyai da yawa sun isa ta nan, babu mai raina su. Tamu an gina ta a kan ganin ni'ima da komawa ga Mai ni'imar. Imamu Junaidu tun yana yaro ya bayyana godiya da cewa kada bawa ya saɓa wa Allah da ni'imar da ya yi masa. To lafiya ni'ima ce, gona ni'ima ce, gurbin karatu ni'ima ne, mata da ƴaƴa ni'ima ne. Wanda ya yar da kyauta a ƙofar mai kyauta, da wane baki zai ce ya gode?

A dubi yadda aka tsara wuridin kansa. Lazimi istigfari ɗari ne, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma. Lokacin na safe da aka fi so daga sallar asuba ne zuwa hantsi, amma mai uzuri yana da sarari har faɗuwar rana. Na yamma daga la'asar zuwa isha'i, mai uzuri har ketowar alfijir. Wanda ya san safiyarsa za ta cika da aiki yana iya gabatar da na safe cikin dare. Matafiyi yana yin lazimi a kan abin hawansa ko da bai fuskanci alƙibla ba. Mai taimama, ko wanda bai sami tsarkakken wuri ba, yana musanya Jauharatul Kamali da Salatul Fatihi ashirin a wazifa. Ba a magana cikin wuridi sai da larura, amma an keɓe amsa kiran iyaye, da mace ta amsa kiran mijinta. Wanda ke zaune a kogo me zai yi da waɗannan rangwame? An yi su ne domin direban da ke tsakanin Maraɗi da Yamai, da mai lambun albasa a Galmi da ke sammakon ban ruwa, da ɗan cin rani, da matar da ke daka ga goyo a baya. Kuma cikin sharuɗɗan ɗariƙa akwai biyayya ga iyaye da rashin yanke zumunci da bayin Allah.

Sunna ma haka ta zo. Mutum uku sun yi niyya, ɗaya ya raya dare duka, ɗaya ya dawwama da azumi, ɗaya ya bar aure, Annabi (SAW) ya hana su, ya nuna musu cewa shi da ya fi su tsoron Allah yana salla yana barci, yana azumi yana sha, yana kuma aure. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, aka yi masa tayin rabin dukiya, shi kuwa hanyar kasuwa ya nema a nuna masa. Mazajen da Allah ya yaba a Suratun Nur, an siffanta su da cewa ciniki ba ya shagaltar da su daga ambatonsa, ke nan suna cinikin. Ibnu Aɗa'illah ma ya yi gargaɗi a Hikam cewa son barin sababi alhali Allah ya tsayar da mutum a cikinsa wata ɓoyayyar sha'awar rai ce. Rai yana son a ce masa waliyyi, kuma zama a zawiya ya fi huɗar gero sauƙi.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan hujjar nutsewa cikin duniya da carbi a wuya. A gaskiya wannan hanya ta fi halwa nauyi. Mai halwa ba shi da abokin ciniki da zai cuta. Muridin da ke rumfa a kasuwar Dole ta Damagaram ko Katako ta Yamai kuwa, ana jarraba hailalarsa sau ɗari kafin azahar. Ya faɗa da asuba cewa babu abin bauta sai Allah; tiya tana hannunsa, zai cika ta in yana sayarwa kamar yadda yake so a cika masa in yana saye? Suratul Muɗaffifina saboda wannan ta sauka. Damina ta shigo, rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, shi kuma yana da buhuna a ajiye: zai fitar, ko zai jira talaka ya ƙara jigata? Ɗan kabu-kabu ya ɗauki baƙon da bai san gari ba, kuɗin da aka saba zai faɗa masa ko ninki? Ma'aikaci takardar wani tana gabansa, sai an sa masa jikka biyu a ƙarƙashinta za ta motsa? Ɗalibi a ɗakin jarrabawa, malami ya juya baya. A nan ake gane ko istigfarin safe ya wuce maƙogwaro. Muridin da ya yi fana'i a da'irar zikirin Juma'a, ran Asabar ya tauye mudu, ya kamata ya koma wurin muƙaddaminsa ya faɗi gaskiyar halinsa.

Failar Shehu Ibrahim Inyass, da ta ɓullo a 1929, a ƙauyen Kosi ta fara bunƙasa, inda almajirai ke noma suna karatu suna zikiri. Nan gida Nijar, duk wanda ya je Kiyota ya ga makarantun da Sayyida Ummul Hairi, ɗiyar Shehu, ta tsaya a kansu domin ilimin yara da mata. Mutanen da suka fi kowa nisa cikin ma'arifa su ne suka gina azuzuwa.

Akwai waɗanda Allah ya keɓe domin hidimar zawiya ko karantarwa, kuma ba su wannan magana ta shafa ba. Alamarsu ita ce da izinin shehunsu suka zauna, ba su bar wani da haƙƙinsa ke wuyansu cikin yunwa ba, kuma idonsu ba ya kan aljihun masu ziyara. Wanda ya ji ransa na kiransa ga barin karatu ko sana'a, kada ya yanke wa kansa hukunci cikin zafin hali. Ya kai maganar ga muƙaddami, ya kuma shaida wa iyayensa, kafin ya ajiye littafi ko ya rufe shago.