Guzurin Ɗan Tsako A Cikin Ƙwai

Masu kiwo a Nguru da Gashuwa sun san kaza kwana 21 take kwanci. Abin da ya kamata su ƙara sani shi ne, kusan dukkan ƙarfin ɗan tsako cikin ɓawo daga maiƙon gwaiduwa yake fitowa. Makonni biyun farko kaɗan yake taɓawa. A na uku ne yake kwashe mafi yawansa, wani ya taru a hanta har ta yi rawaya, wanda kuwa ba ciwo ba ne. Irin maiƙon da ake samu a kifi kuma, ƙwaƙwalwa da idanu yake ginawa. Daga abincin uwar yake shiga ƙwai. Saboda haka, tun kafin ta fara saka, a riƙa haɗa mata dawa da ƙuli-ƙuli da ɗan garin busasshen kifin Kogin Yobe.