Likita Ko Lauya Dole? Darasi Ga Uwa Kan Zaɓen Aikin 'Ya'yanta



'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi maganar da kan tayar da ƙura a gidajenmu da zarar an fara rajistar jarrabawar JAMB. Yarinya ta ce ga abin da take so ta karanta, mahaifinta ya ce sam, likita za ta zama. Ke kuma kina tsakiya, kin rasa bayan wanda za ki bi.

Akwai 'yar wata maƙwabciyata da tun tana firamare ake kiranta "Dakta" a gida. Ita kuwa ba abin da take so irin ta tara ƙannenta a tsakar gida tana koya musu karatu. Sau 3 tana zana JAMB, makinta bai kai na likitanci ba. Shekara 3 tana zaune, ƙawayenta sun yi nisa, har ta daina zuwa biki don gudun tambaya. Daga baya aka haƙura ta shiga kwalejin ilimi, yanzu malama ce da iyaye ke rububin a sa 'ya'yansu a ajinta. Uwar ta ce mini: "Wallahi Maman yara, mu muka ci mata shekarun nan."

Mu yi lissafi tukuna

Karatun likitanci a Nijeriya shekara 6 ne, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai shekara 1 ta bautar ƙasa. Shekara 8 ke nan, in ba a samu yajin aiki ko maimaita aji ba. A tsakiya akwai jarrabawa mai tsauri, wadda in ɗalibi ya faɗi, aka ba shi dama ya sake faɗuwa, ana iya cire shi daga sashen. Lauya kuwa shekara 5 a jami'a, sannan makarantar horon lauyoyi. To ki duba, wanda zuciyarsa ba ta wurin, da wane ƙarfi zai ja wannan tafiya?

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, tun a aji 4 na sakandare, wato SS1, ake yanke hukuncin, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci. A JAMB darasi 4 ake zanawa, Turanci dole ne, mai neman likitanci kuma sai ya haɗa da Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Yarinyar da aka tura ajin kimiyya don kawai a ce 'yar wance tana kimiyya, ranar da ta gane shari'a take so, sai ta tarar ba ta yi adabin Turanci ba. Don haka tun tana JS3 ya kamata ki zauna da ita.

Kowa da baiwarsa

Allah bai halicci mutane da baiwa iri ɗaya ba, tarihin sahabbai ma ya nuna mana haka. Zaidu ɗan Sabit yaro ne mai kaifin hadda, sai Manzon Allah (SAW) ya sa shi koyon rubutun Yahudawa, ya zama marubucinsa, kuma shi Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Khalid ɗan Walid gwanin yaƙi ne, aka ba shi jagorancin runduna. Rufaida Al-Aslamiyya jinya ta iya, a tantinta aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan raunin da ya samu a yaƙin Khandaƙ. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi jima take yi da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Abu Zarri kuwa, duk da girman matsayinsa, da ya nemi a ba shi muƙami sai aka nuna masa wannan ba fagensa ba ne. An dubi kowa, an ajiye shi inda zai fi amfani.

A ƙasarmu ma, marubucin nan Chinua Achebe ya shiga kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likitanci. Bayan shekara 1 ya koma karatun Turanci da tarihi da addini, ya rasa tallafin, sai da danginsa suka sa hannu. A 1958 ya fitar da littafinsa na farko, wanda aka fassara zuwa harsuna masu yawa. Ki lura, sauyin ya ci masa kuɗi, kuma dangi ba su juya masa baya ba.

Kada ki fahimce ni a baibai. Muna matuƙar buƙatar likitoci mata, duk wadda ta taɓa zuwa awo ta san haka. In 'yarki na so kuma tana iyawa, ki tsaya mata da ƙarfinki. Amma al'umma na buƙatar ungozoma, malamar makaranta, mai harhaɗa magani, akanta, tela da manomi. Malamai sun sanya duk sana'ar da jama'a ba za su rayu sai da ita ba cikin farilla ta kifaya.

Sha'awa ce ko ɗoki?

Ba duk abin da yaro ya ce yana so ne za a bi ba. Ga ma'auni 4:

1. Daɗewa. Abin ya shekara yana bakinsa, ko jiya ya gani a waya? Me yake yi in ba wanda ya sa shi?

2. Iyawa. Ki ɗauko sakamakonsa na shekara 3, ki ga inda yake ɗagawa da inda yake ja da baya. Ki je ki gana da malamin ajinsu.

3. Gwaji. Lokacin dogon hutu ki kai shi wurin mai wannan aiki, ya ga wahalarsa da idonsa. In ya dawo yana neman a sake kai shi, da gaske yake.

4. Halacci da abin kai wa baki. Aikin halal ne? Zai kare mutuncinsa, ya riƙe shi? Ku tambayi waɗanda suka gama wannan karatu inda suke yanzu.

Naki aikin a cikin gida

Sau da yawa ke yara kan fara faɗa wa abin da ke ransu. Kada ki ce "rufe mini baki, so kike ki kunyata mu?" In kin yi haka, kin rufe ƙofa. Kada kuma ki haɗa kai da yaro a canza kwas a ɓoye, ranar da maigida ya ji, amana ta karye. Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce: "Baban yara, ga sakamakon yarinyar nan, ga abin da malaminta ya ce, ka duba mana." Takarda ta fi gardama tasiri. In abin ya ci tura, a sa kawu ko gwaggo da yake jin nauyinsu.

Shi ma yaro ki koya masa ladabin magana. Samun damar zaɓe bai ba shi izinin ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Ya kawo hujjarsa, ya saurari tasu, ya yi istihara, ya nemi albarka.

Sannan ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah: wannan buri na yaron ne, ko nawa ne da ban samu na cika ba? Ko don ɗan facalata ya zama injiniya? In burinki ne, ai ƙofa ba ta rufe ba. Akwai ajin manya, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ake karatu daga gida. Ku yi shawara da maigida, ki ɗauki littafinki, ki sauke wa yarinya kayan da ba nata ba.

Aikin gida

Kafin taronmu na gaba, ki zauna da kowane ɗa da ke sakandare, ki tambaye shi darasin da ya fi so da dalilinsa. Ki yi shiru har ya gama. Ki rubuta amsar, mu tattauna a kai.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa musu albarka a abin da suka zaɓa, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. Wassalamu alaikum.