Fenti Ya Ƙi Zama a Jikin Jirgin Mahaifina

Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya bar mana ƙaramin jirgin ruwa na alminiyam wanda yake su da shi a tafkin Kalmalo. Jirgin ga ya shekara bakwai kife a gindin dogon yaro. Bara na sayo fentin mai a kasuwar Illela na shafe shi tsaf, amma ko wata biyu ba a yi ba ya fara saɓa kamar maciji. Akwai kuma wani farin gari da ke fitowa a gindin ƙusoshi, ruwa na tsattsafowa ta nan. Wani mai walda ya ce in sa jan fentin da ake yi wa ƙofar ƙarfe, in yaso ya ɗiga mini wuta a wuraren yoyon. In bi maganarsa?

Mai karatu daga Amarawa

Ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa Baba.

Kada ka bi. Mai waldar nan da ƙarfe ya saba, alminiyam kuwa halinsa daban. Yana narkewa a zafin digiri 660, ƙarfe sai ya kai wajen 1,500, don haka wutar da ke haɗa ƙofa huda jirginka za ta yi. Jan fentin ma an yi shi ne don tsatsar ƙarfe.

Abin da ya sa naka ya saɓe shi ne, da zarar iska ta taɓa alminiyam sai ya yi wa kansa wata siririyar fata mai santsi da ido ba ya gani. Ita ke kare shi, ita ce kuma ke hana fenti kamawa. A kanta ka shafa naka.

Amma ni yoyon ya fi damuna, domin fenti ba ya toshe ɓula. Ka ɗora jirgin a kan tsofaffin tayoyi, ka zuba ruwa a ciki kamar taƙi ɗaya, ka leƙa ƙasa da alli a hannu kana yi wa duk inda ya ɗiga alama. Ƙusar da ta saki, wani ya tokare ta da guduma ta ciki, kai ka bubbuga ta waje. Wadda ta ci, a cire a sa sabuwa ta alminiyam zalla. Ƙusar ƙarfe ko ta tagulla, idan ta haɗu da alminiyam cikin ruwa, cinye shi take yi, farin garin da kake gani kuwa shi ne tsatsarsa. Ƙananan huji Araldite ya ishe su.

Daga nan sai kankara. Samfefa mai lamba 80, ka bi da 180, kana jiƙawa da ruwa, hanci a rufe, yara kuma nesa. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, kuma mun ga abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Ban da buroshin waya na ƙarfe, ban da sodar haɗa sabulu. Ka wanke da Omo, ka ɗauraye, ya bushe.

A ranar nan, kafin fatar ta sake kauri, ka shafa faraimar alminiyam, mai ɗan asid da ke cizon jikinsa. Wurin masu sayar da fentin mota a Sakkwato za ka neme ta, ka karanta gwangwanin da kanka ko ka sa a karanta maka. Shafi ɗaya marar kauri, sannan fenti sau biyu, kowanne ya bushe kafin na gaba. Fentin ƙasan manyan jirage mai tagulla a ciki kada ya kusance shi.

Ka yi aikin da hantsi a inuwa, ba cikin ƙurar hunturu ba, ba kuma da tsakar ranar bazara ba, lokacin da jirgin ke ƙona tafin hannu. Cikinsa ka zaɓi launi mai haske saboda zafi. Ka ba shi mako guda kafin ya taɓa ruwa.

Idan kuɗin bai kai ba, gyara ƙusoshin kawai, ka bar shi tsirara, a ruwan tafki ba abin da zai same shi. Canjin da ya rage ka sayi rigar ceto da shi.