Yadda Banki Ke Binciken Mai Neman Bashi a Maiduguri

Ranar da ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya miƙa takardar neman rance, abin da ake fara karɓa a hannunsa shi ne lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014. Da ita jami'in bashi zai tuntuɓi kamfanonin da ke adana tarihin bashin jama'a. Uku ne masu lasisi: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a duba aƙalla biyu kafin a saki kuɗi, kuma bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa, irin su Jaiz, su ma suna dubawa.

Rahoton yana fitowa nan take a kwamfuta: bashin da ka taɓa ci, wanda ka biya, watan da ka makara, cakin da ya dawo ba kuɗi. Har ɗan rancen da ka ci a manhajar waya ka manta yana iya bayyana. CRC tana tattara wannan duka ta ba da maki, daga 300 zuwa 850. Makin ya yi ƙasa, sai a hana ka, ko a rage kuɗin, ko a ce ka kawo mai tsaya maka. In an amince, za ka sa hannu a takardar GSI, tsarin da ya fara aiki a Agustan 2020, wanda ya bai wa banki damar cire haƙƙinsa daga asusunka na wani banki idan ka kasa biya.

A nan ne Maiduguri take ba ni tausayi. Kasuwar Monday Market ta ƙone a Fabrairun 2023, madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye Gwange da tsakiyar gari. Wanda shagonsa ya tafi ya kasa biya wata uku, rahoto bai san gobara ba, bai san ambaliya ba. "Ya makara" kawai zai nuna. Mai kifi kuma a kasuwar Baga Road, wanda ya shekara ashirin yana karɓar kaya bashi bai taɓa cin amana ba, yana zubin adashi kan lokaci, shafinsa fayau yake, kamar bai taɓa riƙe kuɗin kowa ba.

Don haka ka riga banki dubawa. Dokar 2017 kan rahoton bashi ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Ka bi shi layi-layi. In ka ga bashin da ka riga ka biya yana nan, ka koma bankin ka karɓi takardar shaidar kammala biya, ka aika wa kamfanin ƙorafi a rubuce, kada ka nemi sabon rance sai an gyara.